Sarkin Yawa Da Mudun Gaskiya: Darasi Daga Na'urar Numfashin Masu Nutso

Mai karatu zai iya tuna watan Yuli na shekarar 2018, lokacin da aka fito da yara 12 'yan ƙwallo da kocinsu daga kogon Tam Luwang na ƙasar Tailan, bayan ruwa ya datse musu hanya fiye da mako biyu. Tun daga wancan lokaci na shiga bibiyar kayan aikin masu nutso a cikin koguna, musamman wata na'ura da zan kira na'urar maimaita numfashi. Ni dai ilimin harshe na karanta, ban taɓa nutso ba, amma na tarar da wani darasi a cikinta wanda bai kamata in riƙe ni kaɗai ba.

Mai nutso da tukunyar iska ta yau da kullum yakan shaƙi iska ya fesar da ita cikin ruwa, ta tafi ke nan. Ita kuwa wannan na'ura takan karɓe numfashin da ya fitar, ta bi da shi ta cikin wani garin sinadari mai tsotse gurɓatacciyar iskar kabon, sannan ta ƙara masa oksijin gwargwadon abin da jiki ya ci, ta mayar masa. Dabarar ba sabuwa ba ce, domin tun a 1878 wani Baturen Ingila, Henry Fleuss, ya yi rajistar irinta. A 1968 kuma Walter Starck na Amurka ya fito da wadda lantarki ke sarrafawa, mai ƙwayoyin awo guda 3.

Matsalar ita ce oksijin ba ta da launi, ba ta da ƙamshi, hanci kuma ba ya sanin yawanta. Idan muka ɗauki matsin iskar bakin teku a matsayin awo 1, to kason oksijin a iskar da muke shaƙa 0.21 ne. Masu nutso kan riƙe nasu a wajen 1.3 idan sun yi zurfi. In ya faɗi ƙasa da 0.16, mutum na iya sumewa ba tare da ya ji alamar komai ba. In kuma ya haura 1.6, yana iya kamuwa da jijjiga irin ta farfaɗiya, bututun ya kuɓuce daga bakinsa, ruwa ya ci shi. Ke nan ransa na rataye ne a kan abin da ƙwayoyin awon nan suka faɗa masa.

Kowace ƙwaya tamkar ƙaramin batir ce. A cikinta akwai dalma, wadda oksijin ke ci a hankali, kuma daga wannan ci ne ake samun 'yar wutar lantarki. In oksijin ta ƙaru, wutar ta ƙaru. To amma na'ura ba ta san fassarar wutar ba sai an koya mata, kuma wannan koyarwa ita ce saiti. Kafin a shiga ruwa, akan kore duk iskar da ke cikin na'urar, a cika ta da tsantsar oksijin, a ce da ita wannan shi ne awo 1. Alal misali, ƙwayar da ta ba da milibolt 10 a iskar sarari ya kamata ta ba da kusan 48 a tsantsar oksijin. In lissafin bai fito haka ba, ko dai ƙwayar ta gaji, ko an bar ragowar iska a ciki, ko kuma abin da ke cikin tukunyar ba tsantsa ba ne. Haka nan wanda ya yi saiti a kan tudu dole ya yi la'akari da cewa matsin iska a can bai kai na bakin teku ba.

A nan ne gizo ke saƙa. Saitin da aka yi a doron ƙasa ba ya wuce awo 1, alhali aikin da za a yi a ƙarƙashin ruwa a 1.3 yake. Tsohuwar ƙwaya, wadda dalmarta ta kusa ƙarewa, tana iya cin jarrabawar lafiya ƙalau a awo 1, amma ta kasa ba da wutar da ta fi haka. Sai a shiga ruwa ta toge a 1.2, na'ura kuma ta yi ta ɗura oksijin tana neman 1.3, alhali gaskiyar abin ya riga ya zarce 1.6.

Don gudun haka ne ake sa ƙwayoyi 3, na'urar ta riƙa gwada maganarsu. In biyu suka yi daidai ɗaya ta bambanta, sai ta yi watsi da ɗayar. Hausawa kan ce sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi, kuma galibi haka ne. Sai dai idan biyun nan rana ɗaya aka ƙera su, rana ɗaya aka sa su, to tare za su tsufa, kuma ƙarya iri ɗaya za su yi. Sai su haɗu su kayar da sabuwar ƙwayar da ke faɗin gaskiya ita kaɗai.

Wannan ne ya taɓa ni, domin mun san irinsa a binciken karin harshe. Nakan faɗa wa ɗalibaina cewa in ka tambayi mutum uku 'yan gida ɗaya yadda ake furta wata kalma, suka ba ka amsa ɗaya, to shaida ɗaya ka samu, ba uku ba. Haɗuwar baki ba ta zama hujja sai masu bakin sun fito ta hanyoyi dabam-dabam.

Su masu nutso ba su tsaya ga kuka ba, sun nemi magani. Da yawansu ba sa barin ƙwaya ta wuce watanni 12 zuwa 18 tana aiki, ko da kuwa tana nuna lafiya. Wasu kan sauya su ɗaya bayan ɗaya, da tazarar watanni, don kada su tsufa tare. Sannan a zurfin mita 6, inda matsin ruwa da na iska ke kai 1.6, sukan ɗura tsantsar oksijin na ɗan lokaci su ga ko kowace ƙwaya za ta iya kaiwa can. Wato dai ana gwada ma'auni a inda zai yi aiki, ba a inda gwajin ya fi sauƙi ba.

Tambayar da nake yi wa 'yan'uwana ma'aikata ita ce: yaushe rabon da a gwada sikelin awon jarirai ko na'urar awon jini da ke asibitocinmu da wani mudu tabbatacce? Kwamitin da duk membobinsa bakinsu ɗaya, ta hanyoyi nawa suka samo labarin? Kuma wanda ya bambanta da su, an saurare shi kafin a yi watsi da shi? Sai an gwada akan san na ƙwarai. Allah Ya sa mu dace.