KEKEN HAWAN DUTSI A ƘASAR RAIRAYI

Birnin Maraɗi ba shi da duwatsu. Abin da Allah ya hore masa shi ne rairayi, da fadamar gulbi, da ƙaya. Amma duk wanda ya tsaya da sassafe a bakin hanyar Tibiri, ko wadda ta nufi Jiratawa, zai ga kekuna masu kaurin taya suna wucewa tare da tsofaffin Raleigh da Phoenix. Su ne ake kira VTT da Faransanci, wato keke mai bin kowace irin ƙasa. Mahayansu galibi ƴan makaranta ne da ƙananan ma'aikata. Tun shekarar 2023, da Najeriya ta janye tallafin man fetur, man ruwa-ruwa ya yi tsada, batun keke ya zama batun aljihu. Saboda haka gardamar da masu sha'awa ke yi a kan sababbin ƙira ta shafi duk mai niyyar saye.

Asalin wannan keke

An ƙago shi a jihar Kalifoniya ta ƙasar Amurka. A shekarun 1970 wasu samari sukan ɗauki tsofaffin kekuna su gangaro da su daga dutsen Tamalpais don wasa. Ɗaya daga cikinsu, Joe Breeze, ya ƙera na farko da aka yi musamman don haka a 1977. A 1981 kamfanin Specialized ya fitar da Stumpjumper ga kasuwa da yawa, kuma a 1996 tseren wannan keke ya shiga wasannin Olamfik a birnin Atlanta. Ke nan tun farko don gangara da tsere aka yi shi. Ba a yi shi don buhun gero ba. Daga nan ne ra'ayoyi suka rabu.

Inda baki ya zo ɗaya

Abu na farko da kowa ya yaba shi ne faɗin taya. Siririyar taya takan yanka rairayi ta nutse, har mahayi ya sauka ya tura. Mai faɗi kuwa, musamman idan an rage mata iska kaɗan, takan baje a bisa rairayi kamar tafin raƙumi. Tsakanin Maraɗi da Tibiri, tafiyar kimanin kilomita 12, kwalta ce, kowane keke yana bi. Amma da zarar an saki kwalta an nufi ƙauyukan Gobir, ko an shiga tsakanin gonakin noman rani na Jiratawa, sai bambanci ya fito fili. Akwai ma wani iri mai tayar da ta kai inci 4, wanda aka yi don ƙanƙarar Alaska da kuma rairayi, ya shiga kasuwa sosai a 2005. Matasa suna sha'awarsa ƙwarai, sai dai yana da nauyin tuƙi a kan kwalta.

Na biyu shi ne maganin ƙaya. Tun 1999 kamfanonin Faransa, Mavic da Michelin da Hutchinson, suka fito da tayar keke wadda ba ta da tif a ciki. Daga baya aka riƙa zuba mata wani ruwa mai danƙo, wanda ke toshe huda da kansa. Wanda ya san ɓarnar tsaidau da ƙayar aduwa ba ya bukatar a yi masa dogon bayani. Illarsa ɗaya: ruwan yakan bushe cikin ƴan watanni, zafi kuma yana gaggauta bushewarsa. Wanda ba shi da inda zai sami sabo dole ya koma wurin mai faci.

Inda aka rabu

Gardama ta fi zafi a kan abubuwa uku.

Na ɗaya, sifirin na gaba da na baya, wanda ke shanye gargada. Matasa suna cewa yana hutar da hannu da ƙugu. Masu gyara kuwa suna cewa ƙurar hunturu takan shige shi ta cinye, kuma na araha, wanda ya fi yawa a kasuwa, nauyi kawai yake ƙarawa. Ban da haka, keke mai sifirin a baya ba ya karɓar kariya mai ƙarfi. Manomin da zai kawo zogale ko tumatir daga Jiratawa zuwa kasuwar Maraɗi, wannan kaɗai ya ishe shi dalili.

Na biyu, birki mai faifai wanda ke aiki da mai. Babu shakka yana kamawa ko cikin laka, kuma a gangaren dutsi yana ceton rai. To, amma gangaren da mahayin Maraɗi ya sani shi ne wanda ke sauka daga tudu zuwa fadama. Idan man ya tsiyaye a ƙauye, keke ya zama kaya. Birkin waya kuwa, kowane mai gyara yana ɗaure shi.

Na uku, abin da ake ƙera jikin keken da shi. Na tsere a yau da zaren kabon ake yin sa, ba shi da nauyi ko kaɗan, amma in ya tsage mai walda ba shi da abin yi masa. Na alminiyam ma sai walda ta musamman. Baƙin ƙarfe kuwa, ana haɗa shi a kowace unguwa.

Dariyar tsofaffi

Shekaru da dama ƙafar wannan keke inci 26 ce. Daga baya masu ƙira suka koma ga inci 29, domin babbar ƙafa ta fi haye rami da gargada. Haka kuma a 2012 kamfanin SRAM ya bar faifan sarƙa ɗaya tak a gaba maimakon biyu ko uku, don rage abin da zai lalace. Dattawa masu tsohon Raleigh sukan yi murmushi, domin nasu ƙafarsa inci 28 ce, faifansa na gaba kuma ɗaya ne tun fil azal. Da tsohuwar zuma ake magani. Ko ƙungiyar World Bicycle Relief, wadda aka kafa a 2005, mai kai kekuna karkarar Afirka, baƙin ƙarfe ta zaɓa, da kariyar da ke ɗaukar kilo 100.

Shawara ga mai saye

Yawancin waɗannan kekuna na hannu ne, sun biyo ta tashoshin jiragen ruwa. Kafin mutum ya fitar da kuɗinsa, ya kamata ya yi tambaya uku. Shin taya da tif na wannan girma suna samuwa a kasuwa? Shin mai gyara na unguwa yana da kayan kwance shi? Shin yana ɗaukar kaya? Idan amsa ta zama i, to a nemi mai faɗin taya, mai jikin ƙarfe, mai birkin waya, kuma kada yawan giya ya ruɗi mutum. Ofisoshi da ƙungiyoyin da ke saya wa malaman gona da malaman yaƙi da jahilci kekuna su ma su yi waɗannan tambayoyi, domin dukiyar jama'a amana ce. Keken da ya kwana wata uku a jingine yana jiran kaya daga waje, malamin da aka ba shi da ƙafa zai je aji.