FASHIN BAƘI: Yadda za a tsara mujallar waƙoƙin da za ta isa hannun 'yan matan Karfi

A Karfi, garin manoma da ke ƙaramar hukumar Malumfashi a kudancin Jihar Katsina, waƙa kan shiga gida ba tare da sallama ba. Takan zo cikin memorin da aka cika a shagon masu tura waƙoƙi, ko a wayar yaya, ko daga lasifikar gidan biki. Yarinya mai shekara 15 na iya haddace waƙar Umar M. Shareef ko ta Hamisu Breaker tun daga amshi har ƙarshe, alhali ba ta taɓa riƙe wata takarda da aka rubuta dominta a kan waƙoƙin ba.

Ita kuwa takarda sai ta bi ta zaure, inda idon maigida zai fara sauka a kanta. Duk mai niyyar tsara mujallar waƙoƙin zamani domin 'yan mata a wannan yanki, daga wannan bambanci ya kamata ya fara lissafi.

An taɓa yin irinta?

Mujallun nishaɗi na Hausa da suka yi tashe sun taso ne tare da finafinan bidiyo. Tauraruwa ta Sunusi Shehu Daneji ta fito a Kano a 1998, kuma a shafukanta aka raɗa wa masana'antar sunan Kannywood. A watan Maris na 1999 Ibrahim Sheme, ɗan asalin ƙaramar hukumar Faskari mai maƙwabtaka da Funtuwa, ya fitar da mujallar Fim a Kaduna, wadda ta fi takwarorinta nisan kwana. Mata sun karanta su sosai, amma jaruman fim ne ke cika bango, mawaƙa na biye, kuma ba 'yan mata matasa aka nufa kai tsaye ba.

A Ingila ne aka fi sanin samfurin. Smash Hits, wadda Nick Logan ya kafa a 1978, ta ginu a kan baitocin waƙoƙin da ake yayi, da manyan hotunan mawaƙa na liƙawa a bango, da hirarrakin barkwanci. A ƙarshen shekarun 1980 akwai fitowar da ta sayar da kwafi kusan miliyan ɗaya. Ta rufe a watan Fabrairun 2006, bayan intanet ta fara ba matasa baitoci da hotuna kyauta. Darasin a fili yake: abin da waya ke bayarwa ba ko sisi, babu mai sayensa a takarda.

Bangon da zai wuce zaure

Tarihi ya nuna cewa karatun 'yan mata abu ne da hukumomi ke sa wa ido a Arewa. An kafa Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano a 2001. A watan Mayun 2007, ƙarƙashin shirin A Daidaita Sahu na gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau, an ƙona littattafan soyayya da aka karɓe daga hannun ɗalibai mata. A 2022 waƙoƙin Ado Gwanja, Warr da Chass, sun jawo ƙorafi har gaban kotu a Kano. Katsina ma yanzu tana da hukumar Hisbah, wadda gwamnatin Dikko Umaru Radda ta kafa.

Saboda haka bangon mujallar na da masu karatu biyu: yarinyar da za ta so ta, da iyayen da za su yarda ta kwana a gidan. Hoton namiji mawaƙi cike da shafi, irin na Smash Hits, zai iya sa a yaga ta tun a ƙofa. Hoton mawaƙiya a bakin aiki, gaban makirfo a situdiyo, cikin suturar da uwa ba za ta kau da kai ba, ya fi kusa da samun shiga. Kanun bango ma gara su yi alkawarin sani, kamar yadda ake haɗa kiɗa ko yadda ake tsara amshi, maimakon gulmar auren taurari da mutuwarsa.

Me za a zuba a ciki?

Babban giɓin da mujallar za ta cike shi ne na suna. Tun zamanin fim ɗin Sangaya, lokacin da kiɗan fiyano ya mamaye finafinan Hausa, jaruma ce ke motsa baki a allo, mai muryar kuwa tana can a situdiyo. Maryam Sangandale da Maryam Fantimoti da Fati Nijar da Zuwaira Isma'il sun rera waƙoƙin da suka zagaye ƙasar Hausa, amma sau da yawa mai sauraro sunan namijin da suka yi waƙar tare kawai ya sani. Shafin da zai riƙa bayyana wanda ya rubuta waƙa, da wadda ta rera, da wanda ya haɗa kiɗa, da yadda ake biyan kowa, zai ba yarinya abin da memori ba ya ɗauke da shi.

Yankin kuma yana da nasa gadon. A Funtuwa Hajiya Sa'adatu Barmani Choge ta rayu, ta ɗaukaka kiɗan ƙwarya na amada, ta yi wa mata waƙoƙin neman na kai har rasuwarta a 2013. A Funtuwar dai Alhaji Mamman Shata ya yi zama mai tsawo. Dauda Kahutu Rarara ɗan ƙaramar hukumar Danja ne. Fili ɗaya a kowace fitowa da zai haɗa waƙar yau da ta jiya zai sa uwa da kaka su sa baki a karatun, kuma mujallar da kaka ta saurara ba kasafai ake kore ta daga gida ba.

Akwai dokoki biyu da edita ba zai tsallake ba. Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022 ta kare baitocin waƙa kamar kowane rubutu, don haka buga su sai da izinin mai su. Dokar Kare Bayanan Jama'a ta 2023 kuma ta wajabta neman amincewar iyaye kafin a sarrafa bayanan yaro. Filin wasiƙu da zaɓen abokai, wanda tsofaffin mujallu suka yi kasuwa da shi, na iya zama tarko ga yarinya idan aka buga cikakken sunanta da hotonta da lambar waya. Sunan farko da sunan gari sun wadatar.

Takarda ko waya?

Ana iya cewa zamanin takarda ya wuce, tunda ita kanta Fim yanzu a intanet ake karanta ta. Sai dai 'yan mata da dama a karkara aron waya suke yi, kuma mai wayar ne ke da iko da abin da za a buɗe. Haka nan a watan Satumban 2021 an katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na Katsina saboda matsalar 'yan bindiga, ciki har da Funtuwa da Bakori da Malumfashi, aka yi watanni babu kira babu data. Takarda ba ta buƙatar caji, kuma kwafi ɗaya kan zagaya aji guda.

Wannan yawon hannu-da-hannu shi zai yanke siffarta: ƙarama wadda za ta shige cikin littafin makaranta, bango mai kauri, shafuka 16 ko 32 saboda haka injin ɗab'i ke naɗe takarda ba tare da asara ba. Launi a bango da tsakiya kawai, sauran baƙi da fari. Haruffa manya, jimloli gajeru, da ƙ da ɗ da ɓ a inda suka dace, domin da yawa daga masu karatun da ƙarfi za su karanta wa ƙawayensu.

Wa zai biya?

A nan gizo ke saƙar. Najeriya daga waje take shigo da mafi yawan takardar ɗab'i, kuma tun da aka saki Naira ta nemi darajarta a kasuwa a watan Yunin 2023 tsadar bugu ta ƙaru matuƙa. Kuɗin 'yar Karfi kuwa daga talla yake fitowa, ko ɗinkin hula, ko aikin gona lokacin kakar masara da waken suya, kuma yawanci an riga an yi masa gurbi a kayan ɗaki. Fitowa duk wata uku, a daidaita ta da kaka da bukukuwan salla, ta fi dacewa da aljihunta fiye da fitowa duk wata.

Hanyar rabawa ma sai an sake tunani, domin teburin mai jarida na birane ne. Ranakun kasuwa, shagunan tura waƙa, masu ƙunshi da kitso, da makarantun 'yan mata su ne wuraren da take zuwa. Shirin AGILE na Bankin Duniya, wanda aka amince da shi a 2020 da Katsina cikin jihohi bakwai na farko, ya buɗe zaurukan koyar da dabarun rayuwa a makarantu. Kwafin da aka ajiye a irin wannan zaure zai sami masu karatu fiye da wanda aka rataye a tasha, muddin hukumar makaranta ta duba ta amince.

Idan aka rasa irin wannan mujalla, 'yan matan Karfi ba za su daina jin waƙa ba. Za su ci gaba da haddace ta daga wayar aro, ba tare da sanin sunan macen da ta rera ba, balle su san cewa sana'a ce da ake koya, ake kuma biya.