Wayar Salula da Ƙarshen Zaman Jira

A farkon watan Satumba na 2021, Hukumar Sadarwa ta Najeriya, NCC, ta umarci kamfanonin waya su kashe sabis a faɗin jihar Zamfara, bisa buƙatar gwamnatin Bello Matawalle. Dalili shi ne 'yan bindiga: da waya masu kai musu rahoto ke sanar da su motsin sojoji, da ita kuma suke cinikin kuɗin fansa. Ba a jima ba wasu ƙananan hukumomin Katsina da Sakkwato da Kaduna suka bi sahu. Makonni aka shafe a haka. Ɗan kasuwa ya rasa hanyar jin farashi, mai POS ya rufe rumfa, mai neman gaida mahaifiyarsa sai ya shiga mota ya je inda sabis yake. Ƙauyen da aka kai wa hari ma ya rasa abin da zai kira ɗauki da shi. Layin da ɓarawo ke amfani da shi, shi ne dai layin wanda aka yi wa sata.

Shekara ashirin kafin wannan, ba wanda zai ji a jikinsa. A Janairun 2001 aka yi gwanjon lasisin GSM a kan dala miliyan 285 kowanne, Econet da MTN suka fara aiki a watan Agusta na shekarar. Kafin nan layukan NITEL ba su kai rabin miliyan ba a ƙasar da ta haura mutum miliyan ɗari. Mai saƙo sai ya je tasha ya ba direba wasiƙa, wanda ke Makka ya ɗauki muryarsa a kaset ya aiko. Da wayar ta zo ma ta masu hali ce, kuɗin layi kaɗai ya fi albashin ƙaramin ma'aikaci, minti guda naira 50, ko da daƙiƙa biyar ka yi. Sai da Glo ta shigo a 2003 da lissafin daƙiƙa sannan talaka ya fara numfasawa, aka rage filashin.

Babban abin da wayar ta yi shi ne kashe jira, kuma ba inda aka ga haka ƙarara kamar kasuwar hatsi. Wata masaniyar tattalin arziki 'yar Amurka, Jenny Aker, ta bi kasuwannin Jamhuriyar Nijar tsakanin 2001 da 2006, lokacin da sabis ke shiga gari bayan gari. Ta gano cewa bambancin farashin hatsi tsakanin kasuwa da kasuwa ya ragu da kashi 10 zuwa 16 cikin ɗari a inda waya ta isa, kuma tasirin ya fi ƙarfi a kasuwanni masu nisa da marasa hanya mai kyau. Yadda abin ke aiki ba wuyar ganewa. A da, falke ba ya sanin kuɗin buhun gero a Maraɗi sai ya je da ƙafarsa, ya biya mota, ya ɓata yini. Yanzu kira uku sun ishe shi ya san inda kaya ke tsada, ya nufi can, yawan masu nufar can kuma ya sauko da farashin. Abin da dillalin kasuwar Dawanau ke yi ke nan kowace safiya kafin ya karya.

Wanda bai yi boko ba ma wayar ba ta bar shi a baya ba. Saƙon murya a WhatsApp ya cire wa tsohuwa buƙatar ɗan makarantar da zai karanta mata sirrinta. Matar aure na sayar da atamfa da turaren wuta daga ɗakinta, ɗan sahu ya kai. A farkon 2023, da canjin kuɗi ya sa takardar naira ta ɓace, turansifa ce ta ciyar da gidaje, har mai shayi ya koyi jiran alat, manhajoji irin su OPay da Moniepoint suka shiga kowane lungu.

To amma jiran nan da aka kashe yana da nasa aikin, ba mu lura ba sai da ya tafi. Labarin da zai kwana biyu a hanya yakan haɗu da wanda zai ce ƙarya ne. A watan Agusta na 2014, bayan Ebola ta shigo Legas, cikin dare ɗaya saƙo ya zaga ƙasa cewa a yi wanka da ruwan gishiri a kuma sha. Uwa ta tashi 'ya'yanta, ɗa ya kira ƙauye kafin asuba. Gishiri ba ya maganin Ebola, amma an kwantar da mutane a asibiti saboda shi, har an samu rasuwa. Ba maƙiyi ne ya yaɗa saƙon ba, masoya ne, kowa na gudun kada ɗan'uwansa ya makara. Irin wannan ne ya sa tun 2019 WhatsApp ta taƙaita tura saƙo zuwa wuri biyar a lokaci guda, wato kamfanin da kansa ya koma neman abin da zai rage gudu.

Ɗan damfara ya fi kowa sanin wannan. Ba ya kira ya ce ka yi shawara zuwa gobe. Cewa zai yi daga banki yake, za a rufe asusunka yanzun nan, karanto masa lambar da ta shigo wayarka. Wannan lamba ita ce mabuɗin da bankin ya aiko domin tabbatar da cewa kai ne, kuma banki ba ya tambayar ta a waya. Duk dabarar a kan gaggawa take, domin wanda ya sami minti goma ya tambayi maƙwabci ya tsira. Haka manhajojin bashi: cikin mintuna kuɗi sun shigo, amma ka riga ka danna amincewa su kwashi lambobin da ke wayarka. Ranar da ka makara, surukinka da limamin unguwarku za su sami saƙon cewa kai macuci ne. Abin ya yi ƙamari har hukumar kare masu saye, FCCPC, ta kai samame ofisoshin wasunsu a Legas a 2022. A ganina wannan ya fi satar kuɗi ciwo, domin kuɗi na dawowa.

Batun zumunci kuwa ana yawan kuka da shi, wani kukan da gaskiya. Gaisuwar mutuwa da dubiya sun koma saƙo, ana zaune a tabarma ɗaya kowa na kallon tafin hannunsa, kalmar saki da a da sai an nemo takarda da alƙalami yanzu babban yatsa ke fitar da ita kafin zuciya ta huce. Sai dai wanda ɗansa ke ci-rani a Agadas ko Kumasi ba zai yarda waya ta raba zumunci ba, ni ma ba zan yi masa musu ba.

Inda muka fi kuskure shi ne wajen zaɓen abin tsoro. Mutane da yawa na fargabar waya za ta sa musu kansar ƙwaƙwalwa. A 2011 cibiyar binciken kansa ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa igiyoyin waya a rukunin abubuwan da ake zargi, amma babban nazarin da hukumar ta sa aka yi, wanda ya fito a 2024, bai sami alaƙa tsakanin waya da kansar ƙwaƙwalwa ba. Abin da hukumar ke faɗa ba kwana-kwana shi ne direban da ke waya yana tuƙi ya ninka haɗarin yin karo kusan sau huɗu, kuma sa abin kunne bai rage wani abin kirki ba, domin hankali ne ke tafiya. Motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 a daƙiƙa guda. Direban da ya sunkuya daƙiƙa huɗu yana duba alat ya wuce tsawon filin ƙwallo bai ga titi ba, fasinjojinsa kuma galibi ba mai cewa uffan, don kada a ce ya cika tsoro.