Ciwon kafaɗa: me ya sa hannu yake ƙin tashi sama?

A ƙasar Adar aiki na kafaɗa ne. Mata suna daka da sussuka, suna ja guga a rijiya mai zurfi. Maza suna ɗora buhun albasa a amalanke, suna miƙa damman hatsi zuwa bakin rumbu. Tun ƙarshen shekarun 1980 manoman Badagishiri da na Illela suka kama haƙa tasa a fako, suna jera duwatsu don tare ruwa. Ƙasa ta farfaɗo, amma kafaɗa ce ta sha wahalar.

Shi ya sa a ƙauyuka akwai tsofaffin da hannunsu ba ya wuce tsayin ƙirji. Mutane sukan ce sanyi ne, ko amosani. Sau da yawa kuwa jijiya ce ta tsinke tun da daɗewa, gaɓar ta lalace daga baya.

Yadda kafaɗa take

Ƙashin cinya yana zaune a cikin rami mai zurfi, kamar taɓarya a turmi. Ƙashin damtse ba haka yake ba. Kansa mulmulalle ne, yana zaune a kan ɗan gurbi marar zurfi a jikin allon kafaɗa, kamar tulu a kan gammo. Saboda haka ne hannu yake juyawa ko'ina. Saboda haka ne kuma yake bukatar abin riƙo.

Abin riƙon nan jijiyoyi ne guda 4 da suka lulluɓe kan ƙashin. Ɗaya tana sama, ɗaya tana gaba, biyu suna baya. Suna matse kan ƙashin a gurbinsa, kamar igiyar da ta ɗaure kaya a bayan jaki. A waje kuma akwai babbar tsoka, wadda ta yi wa kafaɗa hula. Ita ce mai ƙarfin ɗaga hannu.

Mai karatu zai iya gwadawa. Ya ɗora tafin hannunsa na hagu a kan kafaɗar dama, ya ɗaga hannun dama a gefe. Zai ji babbar tsokar ta yi tauri. Jijiyoyin nan huɗu suna ƙarƙashinta, ba a jin su, amma suna aiki tare da ita.

In jijiya ta tsinke

Igiyar guga ba ta tsinkewa rana ɗaya. Zare-zare take cinyewa. Haka jijiyar kafaɗa take, kuma ta sama ce ta fi saurin cinyewa. Shekaru ne babban dalili. Aikin ɗaga kaya sama da kai yana ƙarawa, shan taba ma haka. Wani lokaci kuma faɗuwa ce take tsinke ta nan take.

Abin ba na Adar kaɗai ba ne. A wani ƙauyen duwatsu na ƙasar Japan likitoci sun duba kafaɗun mutum 683. A 2010 suka bayyana cewa wajen kafaɗa ɗaya cikin biyar tana da tsinkakkiyar jijiya. Da yawa daga cikinsu ba su ma jin ciwo.

In yagar ta yi girma kuma ta daɗe, sai babbar tsoka ta rasa abokan aiki. Duk lokacin da ta ja, kan ƙashin sai ya zame sama, ya goga ƙashin da ya yi wa kafaɗa rufi. Kowa ya ga yadda igiya take yi wa itacen bakin rijiya gurbi. Haka gogar nan take cinye guringuntsi mai santsi da ke kan ƙashin, har ƙashi ya koma gogar ƙashi. Wani likitan Amurka, Charles Neer, shi ne ya bayyana wannan ciwo filla-filla a 1983. Kaɗan ne daga cikin masu tsinkakkiyar jijiya suke kai wa nan. Yawancinsu sun wuce shekara 60, kuma mata sun fi yawa.

Mai ciwon yana jin ƙaras-ƙaras in ya motsa hannu. Da dare ba ya iya kwanciya a kan wannan gefen. In ya so ɗaga hannu, kafaɗar ce take tashi zuwa kunne, hannun ya tsaya a ƙasa. In wani ya ɗaga masa, hannun yakan tashi. Wannan ya nuna gaɓar ba ta daskare ba, riƙo ne babu.

Ba kowa ne yake rasa abu ɗaya ba. In ta sama kaɗai ta tsinke, ta gaba da na baya suna nan, mutum yakan ci gaba da ɗaga hannu shekara da shekaru. In na baya suka tafi, juya hannu waje ne yake gagara. Sai kai loma baki ya yi wuya, sai an ɗaga gwiwar hannu sama. Ɗaura kallabi, shafar kai a alwala, ɗaga hannu zuwa kunne wajen kabbara, duk sai da dabara. In ta gaba ce, kai hannu baya ne yake wuya, kamar wajen gyara goyo.

Abin da za a yi

Maɗori gwani ne a karaya, amma nan babu abin ɗorawa. In aka ɗaure hannu makonni, tsokar da ta rage za ta rame, gaɓar ta ƙage. Ƙaho da tsaga ba sa haɗa jijiya. Sakiya kusa da gaɓa tana iya kawo ruɓa.

Abin da ya fi amfani shi ne a koya wa babbar tsoka yin aikin ita kaɗai. Mutum ya kwanta rigingine a kan tabarma. Ya kama hannun mai ciwo da mai lafiyar, ya miƙe shi sama sosai. Ya saki, ya riƙe shi a tsaye, ya riƙa kai shi gaba da baya kaɗan-kaɗan. A kwance nauyin hannu ba ya danne kafaɗa, shi ya sa ake farawa haka. In ya saba, ya riƙe abu marar nauyi, kamar sabulu. Daga baya ya jingina da bango ya yi, a ƙarshe ya yi a zaune. Ana yi sau 2 ko 3 a rana, kuma sai an yi wata 2 zuwa 3 kafin a ga canji. Tsumma mai ɗumi kafin a fara yana sassauta ciwo.

A gida kuma a sauko da kwanuka da ƙorai daga sama. Tulu da dami a bar wa yara. Tsohuwa za ta iya tankaɗe da tsince wake, tunda gwiwar hannu tana kusa da jiki.

Farasitamol yana rage ciwo. Amma ƙwayoyin ciwon jiki na ƴan tebur, irin su diklofenak, suna cin ciki, suna ɓata ƙoda in an daɗe ana sha. Tiramol kuwa kama mutum yake yi. A gidan likita na Badagishiri malamin asibiti zai duba hannun, ya tura mutum gaba in da bukata. Akwai asibiti a Illela da Birnin Ƙonni, da babban asibitin Tawa, da na Galmi a gundumar Malbaza, wanda aka buɗe a 1950. Hoton ƙashi yana nuna ko kan ƙashin ya hau sama.

Akwai aikin fiɗa na sa gaɓar ƙarfe. Wani likitan Faransa, Paul Grammont, ya ƙera ta a 1985. Ya juya gaɓar, ya sa ƙwallon a allon kafaɗa, gurbin a damtse, don babbar tsoka ta ɗaga hannu ba tare da jijiyoyin ba. Aiki ne mai tsada, na manyan asibitoci.

Wanda bai kamata ya jira ba shi ne wanda ya faɗi daga amalanke ko babur, ya tashi hannu ya ƙi ɗaguwa. Sabuwar yaga tana ɗinkuwa in an je cikin makonnin farko. In ta daɗe, jijiyar takan janye, tsokarta ta koma kitse, ɗinki ya gagara. Haka kuma wanda kafaɗarsa ta kumbura ta yi zafi tare da zazzaɓi, da wanda ciwon kafaɗar hagu ya zo masa da nauyin ƙirji da gumi. Waɗannan a kai su asibiti a ranar.