Fitilar da muke rufewa da salatif

A ranar 21 ga watan Oktoba na shekarar 1997, wani ɗan jarida mai suna Robert Collin na mujallar Teknikens Värld ta ƙasar Suwidin ya shiga sabuwar ƙaramar motar Mercedes ƙirar A-Class domin yi mata wani gwaji da suka saba yi wa kowace mota. Gwajin ba shi da wani sarƙaƙiya: direba yana tafe da gudun kimanin kilomita 60 a sa'a, sai ya karkata sitiyari farat ɗaya kamar mai kauce wa wani abu da ya faɗo masa titi, sa'annan ya sake karkatowa ya koma hannunsa. Motar dai ba ta koma hannunta ba, domin kuwa kifewa ta yi. Jaridun Jamus suka ɗauki labarin, suka laƙaba wa gwajin sunan wata ƙatuwar dabbar dawa mai kama da gwanki, wadda takan ratsa titunan Suwidin ba sallama. Abin da ya ƙara wa kamfanin kunya shi ne, an gwada Trabant, tsohuwar motar Jamus ta Gabas da kowa ke yi wa dariya, ta tsallake lafiya lau.

Da farko kamfanin ya so ya musanta, amma daga bisani ya dakatar da sayar da motar na kusan wata uku. Ya rage mata tsayi, ya ƙara wa sifirin da shokabzoba tauri, ya sauya tayoyi, sa'annan ya sanya wa kowace ɗaya wata na'ura mai suna ESP, wadda kafin lokacin sai a manyan motocin attajirai ake ganinta. Shekara biyu kacal ke nan da kamfanonin Bosch da Mercedes suka fito da ita, a 1995.

Na kawo wannan labari ne, mai karatu, domin duk gyaran da aka yi wa waccan mota a ƙarƙashinta aka yi shi, wato wurin da mu masu sayen motocin Kwatano da Beljiyam ba mu cika leƙawa ba. Mukan duba fenti, mu saurari ƙarar inji, mu kunna iyakwandishan, mu tambayi dillali ko an taɓa buɗe giya. Amma abin da kanikawa ke kira shasis, wato ƙashin motar da duk abin da ke rataye da shi, birki da sitiyari da sifirin da shokabzoba da tayoyi, shi ne ke yanke hukunci ranar da akuya ko yaro ya yanko titi. Inji yana tafiyar da mota ne kawai. Tsayar da ita da juya ta da riƙe ta a kan kwalta aikin ƙasa ne, kuma dukkansa yana bi ne ta wurare huɗu da taya ke taɓa ƙasa, kowanne bai wuce faɗin tafin hannu da wani abu ba.

Tsofaffin direbobin da suka koyi tuƙi da Peugeot 504, wadda aka riƙa harhaɗawa a Kaduna tun daga shekarun 1970, sun san wata dabara: idan titi ya jiƙe, ba a danne birki gaba ɗaya, dannawa ake yi ana saki. Dalili kuwa shi ne, tayar da ta daina juyawa ta koma jan ƙasa ba ta jin umarnin sitiyari. Ko ina direba ya murɗa, motar gaba za ta zarce. Wannan dabara ce aka koya wa na'ura aka kira ta ABS, wadda ta shiga kasuwa a motocin Mercedes a 1978. Akwai ɗan ma'auni a jikin kowace taya da ke ƙirga juyawarta. Da zarar ƙwaƙwalwar motar ta ga wata taya na shirin ƙamewa, sai ta sassauta mata matsin man birki ta sake matsewa, sau da dama cikin daƙiƙa guda, abin da ƙafar ɗan Adam ba za ta iya ba. Shi ya sa feda ke karkarwa a ƙarƙashin ƙafa. Wasu direbobin kan firgita su ɗage ƙafa a daidai wannan lokaci, alhali kuwa lokacin ne ya kamata su danne iya ƙarfinsu su ci gaba da sarrafa sitiyari. Sai dai a faɗi gaskiya, a kan yashi ko tsakuwa ABS na iya ƙara wa mota nisan tsayawa; ribarta ita ce direba bai rasa iko da akalar motarsa ba.

ESP kuwa a kan ABS aka gina ta, kuma ta fi ta wayo nesa ba kusa ba. Ban da ma'aunan tayoyi, akwai wanda ke lura da yadda aka murɗa sitiyari, akwai kuma wanda ke auna yadda jikin motar ke juyawa da yadda take zamewa gefe. Kimanin sau 25 a kowace daƙiƙa na'urar ke kwatanta inda direba ya nufa da inda motar ta dosa. Idan bayan motar ya fara waskewa a kwana, sai ta taka wa tayar gaba ta wajen kwanar birki ita kaɗai. Idan kuma gaban ne ya ƙi shiga kwana, sai ta kama tayar baya ta ciki, ta kuma rage wa inji ƙarfi. Direba feda ɗaya gare shi ga tayoyi huɗu, ita kuwa tamkar feda huɗu gare ta. Toyota na kiranta VSC, Honda na kiranta VSA, BMW kuma DSC, amma aikin ɗaya ne. Binciken cibiyar IIHS ta kamfanonin inshorar Amurka ya nuna tana rage haɗarin mutuwa a irin haɗarin da mota ke yi ita kaɗai da kusan rabi. Amurka ta wajabta ta ga sababbin ƙananan motoci daga ƙirar 2012, Tarayyar Turai kuma daga watan Nuwamba na 2014.

Ma'anar wannan ita ce, da yawa daga motocin da ke shigo mana yanzu suna zuwa da wannan kariya an riga an biya kuɗinta. To, me muke yi da ita?

Na taɓa kai mota wani gareji saboda wata fitila ruwan ɗorawa mai haruffan ABS ta ƙi mutuwa a gaban direba. Bakaniken ya taka birki sau biyu, ya ce da ni ai birki na kamawa, wannan fitinar Turawa ce kawai, kuma idan fitilar ce ke damuna akwai salatif. Ba ƙarya ya yi ba, birki na kamawa. Abin da bai faɗa ba shi ne, idan wannan fitila ta tsaya a kunne, ƙwaƙwalwar ta janye hannunta, kuma ESP takan tafi tare da ita tunda da ma'aunai ɗaya suke aiki. Sau tari matsalar ba ta wuce wayar da ta tsinke ko ma'aunin da laka ta toshe ba. Ba na ɗora laifin duka a kan kanikawanmu, waɗanda suka koyi sana'a a zamanin sifana da guduma, ba wanda ya ba su na'urar karanta ƙwaƙwalwar mota. Mu ma masu motocin mun fi son gyaran da ba ya cin kuɗi.

Haka kuma na'ura ba ta maye gurbin ƙarfe da roba. Shokabzoban da ya mutu yakan bar taya tana tsalle a kan gargada, kuma tayar da ke sama ba ta tsayar da komai, komai wayon kwamfuta. Tayoyi huɗu masu girma dabam-dabam, irin waɗanda ake tsintowa a gwanjo, suna juyawa da sauri dabam-dabam, su rikita lissafin. Man birki yana shan danshi, shi ya sa masu ƙera motoci da yawa ke cewa a sauya shi duk bayan shekara biyu. Motar da aka ƙera don mutum biyar aka ɗora mata tara, da buhunan hatsi a but da kaya a kan rufi, nauyinta ya koma sama da baya, ta zama irin waccan A-Class kafin a gyara ta.

Ga mai shirin sayen mota, akwai gwajin da ba ya buƙatar ko sisi. Ka murɗa makulli ba tare da ka tayar da inji ba, ka zuba wa allon gabanka ido. Dole fitilar ABS da ta hoton mota mai zamewa su kama, sa'annan su mutu bayan 'yan daƙiƙoƙi ko bayan inji ya tashi. Idan sun tsaya a kunne, akwai gyara. Idan kuwa ba su kama ba sam a motar da ya kamata a ce tana da su, to wani ya riga ka zuwa, ya cire ƙwan fitilar ko ya rufe shi ta ciki, sai ka tambayi dillali dalili kafin a fara maganar farashi.