Yadda ake gano abin da ke sa gero jure fari

A 2017 masana ƙarƙashin jagorancin cibiyar binciken noma ta ICRISAT, mai reshe a Sadore kusa da Yamai, suka kammala karanta ƙwayoyin gadon gero, sama da 38,000. Sai dai ba duka ke aiki lokaci guda ba. Shi ya sa ake hana wasu shuke-shuke ruwa, a tsinki ganye da saiwa, a auna sinadarin RNA mai nuna ƙwayoyin da ke aiki, a kwatanta da waɗanda suka ƙoshi. Ƙwayoyin da ƙishi ya tayar, su ake bi. Sakamakon yakan shiga rumbunan intanet irin su GEO na Amurka, kyauta.

Amma kwamfuta ba ta noma. Dole a gwada sabon irin da aka samar da wannan sani a gona, kamar tashar cibiyar binciken noma ta INRAN a Tara da ke Gaya, kafin a miƙa wa manomi.