A Bar Mutanen Danja Su Naɗi Zaman Kansilolinsu

Manomin rake a Tandama ko mai tumatir a Kahutu zai iya kunna talabijin ya kalli sanatoci suna muhawara a Abuja kai tsaye, ya ga wanda ya miƙe da wanda ya yi gyangyaɗi. Amma a tambaye shi yaushe kansilolin ƙaramar hukumarsa suka yi zamansu na ƙarshe, me suka tattauna, kansilan mazaɓarsa ya buɗe baki ko bai buɗe ba, da wuya a sami amsa. Gwamnatin da ta fi kusa da shi ita ce wadda ya fi jahilta. Ga shi kuwa kundin tsarin mulki na 1999 ya ɗora wa ƙananan hukumomi abubuwan da suka fi taɓa shi kullum: kasuwa da tashar mota, hanyoyin ƙauye da magudanan ruwa, da hannu a makarantun firamare, asibitocin sha-ka-tafi da harkar noma. Hujjar wannan rubutu ɗaya ce: ya kamata a rubuta a doka cewa ɗan jarida da kowane ɗan ƙasa na da damar shiga zauren kansiloli, ya zauna, ya ɗauki murya ko bidiyo da wayarsa, ya kai wa waɗanda ba su samu zuwa ba.

Abin da ya sa maganar ta zama ta gaggawa shi ne kuɗi. Ranar 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a ƙarar da Antoni Janar na Tarayya, Lateef Fagbemi, ya shigar, ta ce a riƙa biyan ƙananan hukumomi 774 kasonsu kai tsaye daga Asusun Tarayya, gwamnoni su cire hannunsu, kuma ba a yarda da shugabannin riƙo ba. Kason nan ba ƙarami ba ne, kashi 20.6 cikin 100 ne na abin da ake rabawa. Gaskiya ne an yi ta jan ƙafa wajen aiwatar da hukuncin, amma alƙiblar ta fito fili. Shekara da shekaru ciyaman yana da uzurin da ba a iya ja da shi: kuɗin na Katsina, a asusun haɗin gwiwa. Ranar da uzurin nan ya faɗi, tambayar inda kuɗin suka shiga za ta dawo sakatariyar Danja, kuma idan babu idon da ke kallon zauren da ake yanke shawara, to an ɗauke duhun ne daga babban birnin jiha an kawo shi kusa da gida.

Akwai kuma abin da zaɓen 15 ga Fabrairu, 2025 ya haifar. Jam'iyyar APC ce ta lashe kujerun ciyamomi 34 da na kansiloli 361 na jihar baki ɗaya. Wannan ba halin Katsina kaɗai ba ne; kusan duk jihar da ta yi zaɓen ƙananan hukumomi, jam'iyyar gwamna ce ke kwashewa, ko wace ce ita. Ma'anarsa dai ita ce a zauren kansilolin Danja babu ɗan adawar da zai fito ya faɗa wa jama'a abin da aka yi a ciki. Aikin da adawa ke yi a majalisa, wato tambaya da tonawa, ya rasa mai yi. Saura wa? Saura mutanen da suka kaɗa ƙuri'a, da 'yan jaridar da sashe na 22 na tsarin mulki ya ɗora wa nauyin sa ido kan gwamnati domin jama'a.

Wani zai ce ai akwai rubutaccen bayanin zama da akawun majalisa ke ajiyewa, akwai kuma Dokar 'Yancin Samun Bayanai da Shugaba Goodluck Jonathan ya sa wa hannu a watan Mayun 2011, wadda ta ba hukuma kwana 7 ta amsa buƙatar mai nema. A Afrilun 2025 ma Kotun Ƙoli ta tabbatar, a wata shari'a da ta taso daga jihar Edo, cewa dokar ta hau kan jihohi. Duk wannan ci gaba ne, sai dai a duba yadda abin yake a ƙasa. Bayanin zama da Turanci ake rubuta shi, a taƙaice, cikin fayil ɗin da ke kulle a kabad. Zai ce an amince da gina kwalbati a hanyar ƙauye kaza, amma ba zai nuna cewa kansila ɗaya ya tambayi nawa za a kashe aka ce masa ya zauna ba. Kafin manomi ya gan shi, sai ya rubuta wasiƙa, ya bar gonarsa ya yi ta zirga-zirga, sannan ya nemi mai fassara masa. Murya kuwa ba ta buƙatar wannan duka. Minti goma na muhawarar kansiloli da Hausa, da zarar ya shiga WhatsApp, kafin magariba an saurare shi a teburin mai shayi a Dabai, an tura wa na Jiba, an kwafe shi a shagon mai cajin waya, matan da ke cikin gida ma sun ji. Mutanenmu masu sauraro ne tun zamanin da Rediyon Kaduna ke shiga kowane zaure, kuma dokar 2011 takardu ta buɗe, ba ta yi maganar ɗaukar zama da waya ba. Wannan giɓin ne ake son a cike.

Ingila ta bi ta wannan hanya. Tun 1960 aka yi dokar da ta buɗe wa 'yan jarida da jama'a ƙofar zaman hukumomin yankuna, kuma Margaret Thatcher ce ta gabatar da ita tana sabuwar 'yar majalisa. Duk da haka, da wayoyi masu kyamara suka zo, wasu majalisun sun riƙa hana ɗauka, har sai da gwamnati ta fitar da sabuwar ƙa'ida a Agustan 2014 da ta ce kowa na iya ɗaukar bidiyo ko murya a zaman da yake buɗe. Afirka ta Kudu ta sa a tsarin mulkinta cewa majalisar gunduma ta yi aikinta a fili. Abin lura shi ne buɗe ƙofa kaɗai bai wadatar ba. In ba a rubuta damar ɗauka ƙarara ba, mai gadi ne zai zama alƙali.

Ƙorafin da ya fi nauyi shi ne na tsaro, kuma ba abin wasa ba ne a kudancin Katsina, inda 'yan bindiga da masu kai musu rahoto suka addabi ƙauyuka. Ba mai hankalin da zai ce a ɗauki bidiyon zaman da ake tsara inda 'yan sintiri za su kwana, ko ake ambaton wanda ya tona asirin ɓarayi. Irin wannan a rufe ƙofa, kamar yadda ake yi ko'ina, haka ma maganar da ta shafi sirrin ma'aikaci ko shari'ar da ke gaban kotu. Amma a rufe bisa ƙa'ida: a faɗi dalili a bainar jama'a, a kaɗa ƙuri'a, a gama a sake buɗewa. Kuɗin rumfunan kasuwa, rabon taki, gyaran rufin aji da kwangilar rijiyar burtsatse ba sirrin tsaro ba ne, kuma bai kamata a ɓoye su a bayansa ba.

Sai tsoron yanke-yanke, wato wani ya ɗauki jimla guda ya cire mata kai da gindi ya watsa don ɓata kansila. Hakan na faruwa. Maganinsa shi ne ita ma majalisar ta naɗi zaman gaba ɗaya ta ajiye, ta sa a shafinta na Facebook, yadda duk wanda aka yi wa ƙage zai nuna cikakken abin da ya faɗa. Ji-ta-ji-ta ta fi yaɗuwa inda babu shaida. Kansilan da ake zargi a yau da cewa ya sayar da mazaɓarsa ba shi da abin da zai kare kansa da shi sai rantsuwa. Masu cewa kansiloli za su koma yi wa kyamara wasa kuwa, to ko da haka ne, wanda ya yi alkawari a gaban kyamara ya bar abin da za a kama shi da shi baɗi. Kuma idan ta bayyana cewa wata majalisar ba ta ma zama sai ranar karɓar alawus, wannan ma labari ne da masu zaɓe suka cancanci sani.

Neman a ba talaka ta cewa a mulkin yankinsa ba sabon kira ba ne a Arewa. A Agustan 1950 Abubakar Tafawa Ɓalewa ya miƙe a majalisar Arewa da ke Kaduna ya nemi a yi wa mulkin En'e garambawul, domin talaka ba shi da ta cewa a yadda ake mulkinsa. Gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya kawo zaɓaɓɓun kansiloli, amma bai kawo talaka cikin zauren ba. Abin da ya rage ba ya cin kuɗi: a liƙa ranar zama da abin da za a tattauna a allon sakatariya, a sanar a ranar kasuwa, a ajiye benci biyu ko uku a bayan zaure, a bar mai waya ya ɗauka muddin bai tada hayaniya ba. Kansilolin Danja na iya sa wannan a ƙa'idojin zamansu tun yanzu, Majalisar Dokokin Jihar Katsina kuma ta mayar da shi doka ga ƙananan hukumomi 34. Mai karatu, in ka haɗu da kansilanka a masallaci ko wurin ɗaurin aure, tambaye shi ranar zama na gaba, ka ce masa za ka zo da wayarka.